Madabod Mai Rami Huɗu Na Saya, Ba Ƙanensa Ba

Zuwa ga Alhaji,
mai shagon kayan kwamfuta na saman bene,
a layin masu kwamfuta da ke cikin birnin Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi maka barka da kasuwa. Ya iyali, ya jama'a, ya kuma wannan zafin da muke ciki? Allah ya sa mu ga bayansa lafiya, ya ƙara maka buɗi na halal, amin.

Ranka ya daɗe, sunana Auwalu. Ɗan Yammedi ne ni, amma a cikin garin Ƙaraye nake da ɗan gidan gem, inda samari suke zuwa buga ƙwallo da tseren mota a kwamfuta. Ni da kai ba mu taɓa haɗuwa ba, ba kuma don ban nema ba. Na kira ana cewa kana masallaci, na sake kira ana cewa ka yi tafiya, na zo da ƙafata aka ce yanzun nan ka fita. Shi ya sa na rubuto maka a fili, inda 'yan layinku da masu saye irina za su gani. Ban ambaci sunanka ko na shagonka ba, domin har yanzu ina kyautata zaton ba ka san abin da ake yi a bayan idonka ba. Amma wanda ake nufi ya san kansa.

Kafin in shiga magana, ya kamata ka san abin da ya sa na kasa haƙura. Ɗakin da nake sana'a a ciki na mahaifina ne. A nan kusa da kasuwa yake, a ciki Baba yake ajiye taki da damina, ya ajiye gyaɗa da kaka. Da na roƙe shi ɗakin, sai da ya yi kwanaki kafin ya ba ni amsa, domin a wurinsa wasan kwamfuta da wasan langa duk ɗaya ne. A ƙarshe ya ce, "Na ba ka daga yanzu zuwa ruwan shuka. In ruwa ya sauka ban ga abin nan yana sayen man janaretansa yana ciyar da kai ba, taki zai koma ɗakinsa, kai ma ka koma gona." Baba ba ya magana biyu. Yanzu kuwa hadari ya fara haɗowa ta gabas da yamma liƙis, manoma sun fara sharar gona. Ka ga ba wani allon kwamfuta na roba da waya kaɗai nake bi ba, sana'ata ce gaba ɗaya take rataye a kansa.

Ga yadda abin ya faru.

Na ɗaya: yadda na yi zaɓina.

Kwamfuta biyu gare ni, ƙarama da babba, kuma babbar ce take jawo mutane. Da sabon wasan ƙwallo ya fito, tsohon furosesanta, wato ƙwaƙwalwarta, ya kasa ɗaukarsa. Na samu wani na hannu mai ƙarfi a wajen wani abokina, amma mazauninsa ya bambanta da na da, dole sai an canza madabod, wato babban allon da furosesa da ram mai riƙe aikin da ake kan yi da katin girafik mai fitar da hoto duk suke hawa kansa. Kuɗin da ke hannuna na tumatir ne da na noma a bakin dam da rani, kuma ba su da yawa. Na san ba zan iya sayen na manya ba. To amma mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi kowa buƙatar buɗe ido, domin ba shi da na saye biyu.

Na daɗe ina bincike. Data ta sha wuya, idona ma ya sha. Na yi ta kallon masu gwada waɗannan alluna, na tambayi waɗanda suka riga ni a harkar, har na tsayar da abu uku da ba zan yi ciniki a kansu ba. Ina son allon da zai karɓi furosesana ba tare da wani kwana-kwana ba. Ina son mai ramin ram huɗu, domin sandar ram huɗu gare ni ƙanana, waɗanda na tara ɗaya bayan ɗaya, sai an haɗa su duka suke isar wasan. Sannan ina son mai ƙarfen shan zafi a kan ƴan na'urorin da suke ba furosesa wuta, domin ɗakina rufin kwano ne babu silin, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk sauran kayan ƙawa na yafe. Ba na son fitilu, ba na son wanda yake kama intanet da kansa, ba na son kwalliya. Na samu guda ɗaya mai arha da ya cika waɗannan sharuɗɗa, na ajiye hotonsa da lambarsa a wayata.

Na biyu: abin da na biya da abin da aka aiko.

Ka san yadda mu na nesa muke saye. Ba kowane kaya ake rufe shago a tafi Kano dominsa ba. Mutum ya kira, a yi ciniki, ya tura kuɗi, a ba direba saƙo. Haka muke sayen kayan waya, haka muke sayen maganin feshi, haka muke sayen komai, kuma amana ce take riƙe da abin.

Na kira shagonka, ƙanenka Nafi'u da yake zama a wurin ya ɗauka. Na tura masa hoton, na karanta masa lambar harafi bayan harafi, na ce rami huɗu, mai ƙarfe. Ya ce, "Akwai shi, yallaɓai, ga shi ma ina kallonsa." Muka daidaita, na tura kuɗi, ya ba Malam Ado direba, wanda yake jigilar Kano zuwa Ƙaraye. Malam Ado ba shi da laifi ko na sisin kwabo. Kwali ya karɓa a naɗe da salatif, a naɗe ya miƙo mini a tasha.

Da na buɗe, sai na ga ba shi ba ne. Rami biyu ne. Wurin da ƙarfe ya kamata ya zauna fayau yake, ƴan na'urorin a tsirara. Sai wasu fitilu da aka jera a gefe, ja da kore da shuɗi, ainihin abin da na ce ba na so. Kamfani ɗaya ne, launin kwalin ma kusan ɗaya, amma lambar ta bambanta a ƙarshe.

Na uku: maganar da ta ɗaure ni.

A nan tasha na kira Nafi'u, Malam Ado yana tsaye yana ji. Na ce ba wannan na saya ba. Ya yi dariya ya ce, "Haba yallaɓai, wancan ya ƙare ne, shi ne na sako maka ƙanensa. Uwa ɗaya uba ɗaya. Wannan ma ya fi kyau, har fitila gare shi. Alheri na yi maka." Na ce ai da ka kira ni ka faɗa mini ya ƙare, tun da ka ce kana kallonsa. Na ce zan ba Malam Ado ya dawo da shi gobe. Sai ya ce, "Kar ka wahalar da bawan Allah. Ɗaura ka gwada. In bai yi maka ba, dawo da shi, mu da kai ai ba ta ɓaci."

Na yarda, domin maganar ɗan kasuwa ce daga shagon da ake ganin mutuncinsa, kuma samari sun ƙosa. Na ɗaura. Da ya nuna halinsa na sake kira, sai murya ta canza. Nafi'u ya tambaye ni, "Da ka kunna, fanka ta juya?" Na ce ta juya. "Hoto ya fito?" Na ce ya fito. Ya ce, "To bod lafiyarsa ƙalau. Kuma ka riga ka ɗaura, ya zama na hannu. Ka san dokar kasuwa, abin da aka ɗaura ba ya dawowa."

Alhaji, ka duba wannan da idon adalci. Bakin da ya ce in ɗaura, shi ne ya ce ɗaurawar ta hana dawowa. Wannan ba doka ba ce, tarko ne. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, har yau kuma bai huce ba.

Na huɗu: abin da ƙanen allon nan yake yi a ɗakina.

Da safe, kafin kwano ya ɗau zafi, ba laifi. To amma wa yake zuwa gidan gem da safe? Masu zuwa sai sun taso daga makaranta ko wajen aiki, daga bayan azahar zuwa la'asar, lokacin da ɗakin yake kamar tanderu. A nan ne wasa zai fara sarƙewa, ɗan wasa ya ɗaga ƙafa zai buga ya tsaya a haka kamar an ɗauke shi hoto, daga nan sai allon kallo ya yi baƙi ƙirin. Na taɓa kai yatsa kusa da waɗannan na'urori marasa ƙarfe, ban sake ba.

Kai da ba ka zauna a gidan gem ba, ba za ka san abin da mutuwar kwamfuta a tsakiyar wasa take jawowa ba. Wanda yake ci zai ce da gangan aka kashe. Wanda ake ci zai ce ai dama yana shirin ramawa. Ni ne alƙali, ni ne mai laifi, ni ne kuma mai mayar da kuɗi. Akwai ranar da samarin Tudun Kaya suka zo takanas suka kara da na cikin gari, ɗaki ya cika har waje, ana saura kaɗan a tashi kwamfutar ta ɗauke. Da ƙyar aka rabu ba a ba hammata iska ba. Tun daga ranar ban sake ganin ƴan Tudun Kaya ba.

Na yi dabarar da zan iya. Na cire murfin kwamfutar, na kafa mata fankar tsaye tana hura mata iska, ni da masu wasa muna jiƙe da gumi, ita tana shan fifita kamar mai jego. Abin ya ɗan ja lokaci, bai hana mutuwa ba, sai ƙarin shan mai da janareta yake yi. Sandunan ram biyu kuma suna nan kwance a cikin durowa, babu ramin da za su shiga, wasan da na yi duk wannan wahala dominsa yana tafiya da rabin abin da yake buƙata. Tsohon allon da furosesansa kuwa na riga na sayar don in cika kuɗi, balle in koma gidan jiya. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Fitilun dai, in faɗi gaskiya, ba su taɓa fashi ba. Ko da komai ya tsaya cak, suna nan suna ta walwali abinsu.

Na biyar: ba ni kaɗai ba ne.

Da farko na ɗauka tsautsayi ne ya faɗa kaina. Sai na je Rogo ranar kasuwa, na biya wajen Shamsu mai gyaran waya da kwamfuta, na ba shi labari. Bai ko ɗago daga wayar da yake gyarawa ba ya ce, "Ƙanensa suka aiko maka ko? Ai mu mun saba. In kana so a ba ka abin da ka ce, sai ka je ka tsaya a kansu." Ya ce shi ma an sha yi masa haka a shaguna daban-daban, ya ce wannan a aiko wancan, in ya yi magana a ce duk ɗaya ne.

Wannan shi ne ya fi ci mini rai. Ashe al'ada ce. In mai saye yana tsaye a gaban kanta, a ba shi abin da ya nuna. In kuwa murya ce daga Ƙaraye ko Rogo, kaya kuma ta hannun direba za su bi, sai a duba abin da ya daɗe a kan kanta a naɗe masa, a ce ai ɗan ƙauye ne, fitila kaɗai ta ishe shi. An san kuɗin mota zuwa da dawowa zai sa ya yi tsaki ya haƙura. To mu ma muna karatu, Alhaji. Wayar da ke hannun ɗan birni ita ce a hannunmu, abin da ya kalla shi muke kalla. Kuma kama da wane ba ta wane. A shinkafa ko sabulu wataƙila ƙane ya tsaya a madadin wa, amma a kayan kwamfuta harafi ɗaya a ƙarshen lamba shi ne bambancin abin da zai yi aiki da wanda ba zai yi ba. Ku da kuke sayarwa kun fi ni sanin haka.

Ban ce kayan arha ba su da aibi ba. Na san araha ba ta ado, ban kuma nemi ado ba. Da abin da na zaɓa da kaina ne ya ba ni kunya, wallahi da na rufe bakina na ce kaina na yi wa. Amma ni na yi zaɓina da kyau, wani ne ya zauna a shagonka ya canza mini shi ba tare da ya tambaye ni ba.

Na shida: ranar da Baba ya zo.

Ban taɓa kai wa Baba ƙarar wannan magana ba. Kunya nake ji, kuma na san amsar da zan samu. Sai ga shi ranar kasuwar da ta wuce ya shigo gari tambayar farashin taki, ya biyo ta ɗakin bayan azahar. Na ba shi benci ya zauna daga bakin ƙofa, yana kallon samari biyu suna wasa, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Ina ta addu'a a zuciyata Allah ya sa kwamfutar ta daure ko na yau kaɗai. Ba ta daure ba. Ta ɗauke, samarin suka ajiye abin bugawa suka karɓi kuɗinsu, ɗaya ya ja tsaki, suka gaishe da Baba suka fita. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya ce, "Kullum haka take yi?" Na ce kusan kullum. Ya ce, "Dama haka ka saye ta?" Sai na fito da waya na nuna masa hoton wanda na biya, na nuna masa wanda ke ciki, na ƙirga masa ramukan da yatsa, na faɗa masa abin da Nafi'u ya ce da farko da abin da ya ce daga baya. Ya ja carbinsa. Can ya ce, "Wato ka ce a ba ka irin gyaɗa mai saurin nuna, aka ba ka wani. Ka yi magana aka ce shuka ka gani. Da ka shuka aka ce ai ka riga ka shuka." Na ce haka ne, Baba. Ya ce, "Wannan ko a gona zalunci ne."

Na ɗan samu ƙarfin gwiwa, na ce ko zai ƙara mini lokaci tun da ya ga ba laifina ba ne. Ya ce, "A'a. Ruwa ba ya jiran kowa, ni ma ba zan ajiye taki a waje ba. Wa'adi yana nan yadda yake." Ya miƙe ya kaɗe rigarsa, har ya kai ƙofa ya juyo ya ce, "Cire abin nan ka mayar da shi kwalinsa. Ranar Asabar ka zo Yammedi ka ɗauke ni, tare za mu je Kanon. Ni ban san kwamfuta ba, amma na san ciniki."

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga buƙatuna, kuma ba su da yawa.

Ina so a karɓi wannan allo a ba ni wanda na biya, mai lambar da na karanta, rami huɗu, mai ƙarfe. Na cire shi a hankali, babu ƙwarzane, babu fil ɗin da ya lanƙwashe, a duba a gabana. In da gaske wancan ya ƙare, a samo shi a maƙota, layin naku ba shago ɗaya ba ne. In ba a samu ba, a mayar mini da abin da na tura, in saya a wani wuri a ranar, domin ba ni da wata Asabar ɗin da zan ɓatar. Ban nemi kuɗin mai da na ƙona ba, ban nemi na masu wasan da suka gudu ba. Waɗannan na bar wa Allah.

Ina so ka kafa doka a shagonka, in da hali ka kai ta gaban shugabannin layinku: duk wanda ya saya daga nesa, a ɗauki hoton kayan da lambarsa a tura masa kafin a naɗe. In abin da ya ce babu, a ce masa babu. Kalmar ba ta da nauyi, kuma ba ta taɓa karya ɗan kasuwa ba.

Ina kuma so a daina cewa mutum ya ɗaura ya gwada in har ɗaurawar za ta zama hujja a kansa. A zaɓi ɗaya.

Ba na neman a kori Nafi'u ko a ci masa mutunci. Ƙanenka ne, ka fi ni sanin yadda za ka yi masa magana. Amma ka sani ba zan bar wannan batu ba. In an ce ka fita, za mu jira. In an rufe shago, za mu nemi shugaban layi. In ta kama in faɗi sunan shago a fili, zan faɗa, ko da yake ba haka nake so ba.

Abu na ƙarshe roƙo ne, ba buƙata ba. Baba ya haura saba'in, gwiwarsa ta dama ba ta lanƙwasuwa sosai, a zaune yake sallar nafila. Rabonsa da Kano tun rasuwar yayarsa. Mutumin da bai taɓa yarda cewa abin da nake yi sana'a ba ne, shi ne zai shiga mota tun da sassafe saboda ita. Na hau benenku, na san tsayin matakalarsa, kuma na san Baba: in aka ce kana sama, zai kama ƙarfe ya hau, ba zai bari in riƙe shi ba. Don girman Allah kar ka bari ya hau. Ka sauko ka same shi a ƙasa.

Allah ya ƙara maka arziki mai albarka, ya tsare dukiyarka daga haƙƙin wani, ya shirya mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka baki ɗaya. Amin summa amin.

Wassalam.

Naka,
Auwalu Yammedi,
mai gidan gem na bakin kasuwa, Ƙaraye.